Hoton Husna a Falon Takama

Ƙafafunsa ta fara gani kafin fuskarsa. Yana can ƙololuwar tsani, silifas ɗinsa ɗaya ya tsinke an ɗaure da waya, ga ƙusoshi uku a bakinsa. Husna ta tsaya a ƙofar tsohuwar mangazar Illela, ƙaton ɗakin ajiyar gyaɗa, da jaka a kafaɗa, ta ɗaga kai har wuyanta ya amsa, sai ta ji gajiyar hanya ta ƙara sauko mata.

Watan Maris ne na shekarar 2007, zafi ya fara kankama. Husna ma'aikaciya ce a wata ƙungiyar mata masu sana'ar hannu. Wata bakwai ta yi tana yawon ƙauyukan Bazaga da Alela da Illela, yau a bayan kabu-kabu, gobe a kan amalanke, tana tattaro aikin matan: fayafayai, ƙorai masu zane, da manyan zannuwa da suka ɗinka rayuwarsu a kai da ƙyallaye, nan rijiya, nan rumbu, can garken awaki. Jibi za a buɗe baje koli. Mangazar kaɗai aka samu da za ta ɗauki jama'a, ita kuwa bangonta ko mutum huɗu sun hau kan juna ba za su taɓa rufin ba.

Duk zannuwan da aka saka a firam suna can sama, kusa da inda jemagu ke kwana.

"Malam, sannu da aiki," in ji ta. "Wa ya ce ka kai su can?"

Ya cire ƙusoshin daga bakinsa ya leƙo. "Yawwa madam, sannu da zuwa. Ɗaki mai tsawo irin wanga, in aka rataye abu ƙasa, saman sai ya zauna wayam."

"Ya zauna mana, ai ba shi ya zo kallo ba. Tsohuwar da ta ɗinka wancan zanen ko kafaɗata ba ta kai ba, kuma idonta ɗaya. Ta taso tun daga Bazaga ta zo ta ga mi? Gindin firam?"

Bai yi gardama ba. Ya sauko a hankali, ya zauna a matakin ƙarshe, ya share gumi da wuyan riga. Dogo ne siriri, da fenti shuɗi a gefen kunnensa wanda da alama bai san da shi ba.

"Goma sha tara na rataye tun hantsi," ya ce.

"Na gani. Ka yi haƙuri."

Ita ma ta nemi wani buhu ta zauna. Kowa na kallon bangon. Can ya miƙe, ya ciro alli daga aljihu.

"Sunana Ashiru. Taimaka ki tsaya jikin bangon nan."

Ta tsaya. Ya ja layi daidai idonta, sannan ya sauko da taƙi ɗaya ya ja wani.

"Wannan na tsohuwar ne. Masu ƙananan ɗinki su zauna nan. Amma ki bar mini fayafayan da tabarmin in hau da su sama, in tara su wuri ɗaya kamar garke. Su ko daga nesa ana ganinsu. Dogayen zannuwan biyu kuma in sako su daga ƙarfen rufi, su haɗa sama da ƙasa."

Ta kalli bangon, ta kalle shi. "To, mu gwada."

Kwana biyu suka yi suna wannan aikin. Shi yana sama, ita tana ƙasa da mita a hannu tana cewa a ɗan matsa dama, a ɗan sauke, ya karkace. Kafin la'asar ta rana ta biyu ya laƙaba mata Madam Santimita. Ta ɓata rai, amma da ta juya baya sai da ta yi murmushi.

A wurin shan fura ta ji labarinsa. Ɗan Malbaza ne, yana da rumfa kusa da tashar Konni. Yana rubuta allunan shaguna, yana yi wa manyan motoci ado, yana zana kawunan samari a allon masu aski, wani lokaci a kawo masa ƙaramin hoto ya zana babba. Tsanin kuwa da kansa ya haɗa shi, babu mai tsawonsa a duk Konni, shi ya sa ko ƙwan lantarki ya mutu a babban ɗaki shi ake nema.

"Ke kuma fa?" ya tambaya.

"Ni ma Konni nake. Mahaifiyata ta rasu shekara huɗu ke nan. In na dawo daga ƙauye in shiga madafa, in na fito daga madafa in koma ƙauye."

"Kin gaji ke nan."

Babu wanda ya taɓa faɗa mata haka kai tsaye. Ta sunkuyar da kai tana juya ludayi a cikin furar.

Ranar buɗewa, tsohuwar Bazaga ta zo. Ta tsaya gaban zanenta, ta matso da idonta mai gani, ta shafa gilashin da yatsa, ta kira 'yan garinsu ɗaya bayan ɗaya tana nuna musu akuyarta. Husna ta waiwaya ta hango Ashiru can ƙurya, jingine da tsaninsa, shi ma ita yake kallo.

A ranar ne kuma Takama ya gan ta. Ɗan Alhaji Maikano ne, mai manyan motoci, wanda ya ba da aron wadda ta ɗauko kayan. Ya zo cikin shadda mai ƙamshi, ya zaga ɗakin sau ɗaya bai tsaya gaban komai ba, sai gaban Husna. Mai hoto ya tara mata wuri ɗaya ya ɗauke su, tsohuwar Bazaga ta dafa kafaɗar Husna tana dariya. Daga nan taro ya watse.

Kwana uku da komawa Konni, salularta ta yi ƙara.

"Salam Madam Santimita. Yau na rataye agogo a wani buro, ofishin wasu ma'aikata, babu wanda ya ce mini ya karkace. Sai na ji aikin bai yi daɗi ba. Ashiru."

Ta karanta sau uku kafin ta amsa.

"Mai tsani, in ka koma ka duba za ka tarar ya karkace. Ka wanke fentin kunnenka?"

Haka abin ya fara. Yakan zo ranar Juma'a da yamma, su zauna a dakalin ƙofar gida, shi da ƙurar aiki, ita da ciwon baya na hanya. Ba su cika surutu ba. Wani lokaci ya kawo mata mangwaro, wani lokaci ya zo hannu Rabbana ya ce yau kasuwa ba ta yi ba, ta ce ai ba mangwaro take jira ba.

"Husnata," ya ce mata wata rana, "ni ban iya daɗin baki ba. Abin da na sani, in na zauna kusa da ke sai in ji kamar an sauke mini kaya."

"Ni ma haka," ta ce a hankali. "Ka turo manyanka."

Mahaifinta, Liman Isufu, shi ke jan salla a masallacin unguwarsu. Mutum ne marar hayaniya, amma in ya tsaya kan magana ya tsaya. Da kawun Ashiru ya zo daga Malbaza, ya karɓe shi da mutunci, ya ce a ba shi lokaci ya bincika. Bayan mako guda ya kira Husna zaure.

"Na tambaya. Ba a ce yana sha ba, ba a ce yana sata ba, yana salla. Amma sana'arsa zanen fuskokin mutane ce. Shekara talatin ina faɗa wa jama'a su nisanci wanga abu, sannan in ɗauki ɗiyata in ba mai yin sa? Da wane baki zan koma gaban sahu?"

"Baba, ba shi kaɗai yake yi ba. Yana rubutu, yana haɗa firam..."

"Na ji. Amma yana yi."

Liman ya ci gaba.

"Alhaji Maikano ma ya aiko, don ɗansa Takama. Ban amsa ba. Ba zan yi miki dole ba, Husna, ke ba yarinya ba ce. Amma wancan ɗin, ban yarda ba."

Damina ta shigo ta same su a haka. Liman bai sauko ba, Husna ba ta karɓi Takama ba, Takama kuma bai fasa zuwa ba. Yakan faka motarsa a bakin lungu, ya aiko a kira ta, ya yi ta ba ta labarin gidan da mahaifinsa ya gina a hanyar Tawa, da ɓangaren da aka ware masa, falon da tsawonsa ya kai bene biyu. Ta saurara saboda kunyar manya, ta ce ya gaida gida.

Ashiru ya daina zuwa dakali don kada ya ɓata wa Liman rai. Sai saƙo.

"Husnata, ruwa ya dake ni yau a kan tsani. Ina lafiya. Kin dawo daga Alela?"

"Na dawo, amalanken ya kafe a laka sau biyu. Gwaggo Mariama ta sake yi wa Baba magana, ya ce a bar zancen. Na gaji, Ashiru."

"Na sani. In kin ji ba za ki iya ba, ki faɗa mini. Ba zan ga laifinki ba."

Wannan saƙon ya ba ta haushi har ta yi kwana biyu ba ta amsa ba. So take ya ce ta daure, shi kuma ga shi yana buɗe mata ƙofa.

Ana cikin haka, wata ranar Talata da rana tana buro, saƙo ya shigo.

"Na rataye shi, bai karkace ba. Da kin faɗa mini da bakinki da ya fi. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Ta kira, a kashe. Ta rubuta, "Mi ka rataye? Ban gane ba." Babu amsa. Kwana huɗu tana kira. Ta je rumfarsa ta tarar an ja ƙyaure, maƙwabcinsa mai faci ya ce ya tafi Malbaza.

Gwaggo Mariama, ƙanwar Liman, ita ta kawo labarin. Ta shigo ko mayafi ba ta cire ba, ta ja Husna ɗaki.

"Ke, hotonki kika ba ɗan Maikano?"

"Wane hoto, Gwaggo?"

"Gari ya ɗauka. An ce akwai hotonki ƙato a falonsa, ya fi ƙyauren ɗakin nan. Abokansa na zama ƙarƙashinsa suna shan shayi, yana ce musu ga amaryarsa. Kuma an ce yaron nan mai zane, shi ya zana, shi ya rataye."

Husna ta zauna a bakin gado. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki salula ta rubuta wa Ashiru.

"Ashe fuskata ma haja ce a rumfarka. Baba ya yi gaskiya. Kada ka sake nemana."

Liman ya ji kafin magariba, a bakin masallaci, daga bakin wanda ya faɗa masa cikin sigar jaje. Da ya shigo gida bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ta sau ɗaya ko ita ta ba da hoton, ta ce wallahi ba ita ba ce. Ya ce gobe bayan azahar ta shirya, ita da gwaggonta.

Alhaji Maikano ya tarbe su da fara'a, yana zaton zancen aure ne ya kawo su. Da Liman ya faɗi abin da ke tafe da shi, fara'ar ta ɗauke.

"Malam Liman, ni ban taka ɓangaren yaron nan ba tun da aka gama shi. Mu je in gani da idona."

Falon ya kai yadda ake faɗa. Ƙasa tayil mai santsi, kujeru har yanzu da ledarsu, bango fari ya miƙe sama kamar ba zai ƙare ba. Can sama, tsakanin tagogi biyu, ga Husna cikin firam mai ruwan zinariya, tana dariyar da ba don wannan ɗakin ta yi ta ba.

Ta so ta rufe ido, amma wani abu ya tsayar da ita. A kafaɗarta ta hagu, a cikin hoton, akwai yatsu huɗu masu tamoji, an yanke sauran hannun. Hannun tsohuwar Bazaga ne.

"Gwaggo," ta ce da raɗa, "wannan ba zane ba ne. Hoton ranar baje koli ne aka yanke ni."

Aka kira Takama. Ya shigo yana gyara hula, da ya ga Liman sai ya durƙusa. Da mahaifinsa ya matsa masa, ya faɗi yadda aka yi: wurin mai hoton ya karɓo, ya kai Sakkwato aka ƙara masa girma.

"Baba, ai so ne ya sa. Na ga ko ba daɗe..."

"Rufe mini baki," in ji Alhaji. "Ɗiyar mutane ka rataye kamar kalanda? A sauke shi yanzu."

Sai dai saukewar ba ta yiwu ba. Aka kawo tsanin gidan, bai kai rabi ba. Direba ya ɗora kujera kan tebur, ya hau, ya miƙa sanda, ko gindin firam ɗin bai taɓa ba. Takama da kansa ya ce shi ya sa a kai shi can, don kowa ya shigo ya ɗaga kai.

"Wanda ya rataye shi ya dawo gari jiya," in ji direban. "Na gan shi."

Alhaji ya ce a je a kira shi. Kusan awa guda suka jira. Aka kawo lemo babu wanda ya taɓa. Husna na zaune gefen gwaggonta, tana jin hoton a saman kanta kamar rana.

Ashiru ya shigo da tsanin a kafaɗa. Ya rame. Ya jingine shi, ya durƙusa ya gaida manya, bai kalli inda take ba.

"Kai ka zana wancan?" Liman ya tambaya.

"A'a, Allah gafarta Malam. An fara kawo mini ƙaramin in zana, na ce ba zan yi ba."

"Amma kai ka rataye."

Takama ya sunkuyar da kai. Ashiru ya amsa.

"Ni na rataye. An kira ni aikin labule da agogo, sai da na gama aka fito da shi a naɗe. Takama ya ce ita ta ba shi da hannunta, an gama magana tsakanin manya."

"Ka yarda?"

"Na yarda, Malam. Na ga ku ba ku so na, na ga ita ta gaji, ni ma na gaji. Na ce to, ƙila sauƙin ke nan. Ya kamata in ajiye in tambaye ta, ban yi ba. Wannan laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba."

Liman ya nuna masa hoton. "Hau ka sauke."

Ya kafa tsanin ya fara hawa. Ya kai wajen mataki na goma sha biyu sai ƙafar tsanin ta ja a kan tayil, ta yi wata ƙara. Husna ta miƙe ba ta sani ba. Liman ne ya fi kusa. Ya yar da carbinsa, ya riƙe tsanin da hannu biyu, ya taka matakin ƙasa da ƙafarsa.

"Ci gaba," ya ce. "Na riƙe."

Haka dattijon ya tsaya, rawaninsa ya zame gefe, har Ashiru ya ciro firam ɗin. Ya juya fuskar hoton ta kalli bango, ya sauko da shi a haka mataki-mataki, hannu ɗaya na riƙe da nauyin, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Da ya taka ƙasa, Gwaggo Mariama ya miƙa wa, ita kuma ta yafa masa mayafinta na biyu.

Alhaji Maikano ya raka su har mota yana ba da haƙuri. Ya ce maganar ɗansa ya janye ta, ba shi da fuskar da zai sake tayar da ita.

A bakin ƙofa, yayin da manya ke sallama, Ashiru na ɗaure tsaninsa a amalanke. Husna ta matso.

"Ka yarda zan yi maka haka?" ta ce.

"Ke ma kin yarda zan sayar da fuskarki."

Idonta ya cika.

"Kwana biyu kika yi ba ki amsa mini ba, Husna. Sai ga hoto."

"Don ka ce in na gaji in tafi. Ni ba haka nake son ji ba."

"To mi kike son ji?"

"Ka ce in tsaya."

Ya saki igiyar, ya dube ta sosai, karo na farko a ranar. "Ki tsaya, Husnata. Don Allah ki tsaya."

Liman bai tayar da zancen ba a mota, bai tayar ba washegari, haka har aka yi girbi. Husna ta ci gaba da zuwa ƙauye tana dawowa. Gwaggo Mariama ce ba ta huta ba. Kullum ta zo sai ta zauna a zaure ta ce, "Yaya, yarinyar nan ƙarewa take yi a gabanka. Tun rasuwar uwarta take ɗauke da gidan nan. Ka riƙe masa tsani, sauran mi?" Shi kuma ya ce riƙe tsani daban, ba da ɗiya daban.

Wata ranar Asabar da hantsi ya aika aka kira Ashiru. Husna na bayan ƙofar zaure da tsintsiya a hannu, ba ta shara.

"Har yanzu ban ji daɗin sana'arka ba," in ji Liman. "Kada ka zaci na canza."

"Na sani, Malam."

"Abu biyu nake so. Ɗakin da ɗiyata za ta zauna, kada a rataye hoton mai rai a ciki. Na biyu, ka bar zanen fuska gaba ɗaya."

Ashiru ya ɗaga kai ya dube shi.

"Na farko na ɗauka, Malam. Na biyu kuma, hoton mace ko na wani da za a rataye a ɗaki, daga yau na bari. Amma allon masu aski, shi ke riƙe da rumfar a yanzu, da shi nake aika wa mahaifiyata hatsi. In na ce muku na bari yau, ƙarya zan yi. Ku ba ni lokaci in ƙarfafa wajen rubutu da firam, in janye a hankali."

Husna ta runtse ido. A ranta ta ce shi ke nan, ya ɓata.

Sai ta ji mahaifinta ya yi ajiyar zuciya. "Da ka ce ka bar duka nan take, da na sallame ka. Wancan karon ma kana iya cewa ba ka san abin da ke cikin naɗin ba, ba ka ce ba." Ya gyara zama. "Ni ma na gaji da ganin ta haka. Ka ce wa kawunka ya dawo."

Tsintsiyar ta faɗi daga hannunta. Daga zaure Liman ya ɗaga murya, "Wanda ke bayan ƙofa ya kawo wa baƙo ruwa."

Da yamma saƙo ya shigo.

"Husnata, na fito zauren, tsoron yau ya fi na ranar tayil. Alhamdu lillahi. Kin tsaya, na gode."

"Angona, saura kaɗan ka kashe ni da gaskiyarka. Ka je ka ci abinci, ka rame."

Bayan babbar salla aka ɗaura aure a ƙofar masallacin Liman. Mutanen Malbaza suka zo mota biyu, matan ƙungiya suka zo daga Bazaga da Alela da Illela da guɗarsu da turmin fura. Alhaji Maikano ya zo ya zauna a sahun gaba, ya aiko da buhun shinkafa.

Kafin a fita da Husna, Liman ya kira ta ɗakinsa. Ta durƙusa, ya ɗora hannu a kanta.

"Kin riƙe ni shekara biyar ba ki taɓa yi mini tsaki ba. Allah ya ba ki wanda zai riƙe ki. Allah ya sa albarka a ɗakinki, ya ba ku zuri'a mai jin ƙai. Tashi ki tafi, ɗiyata, kada ki sa ni abin kunya gaban gwaggonki."

Tsohon soro Ashiru ya kama musu a cikin gari, mai kaurin bango da sanyi ko da rana tsaka. Kwana uku gidan na cike da mata, ana dafawa ana ci ana wanke-wanke. Rana ta huɗu bayan azahar, ta ƙarshensu ta ɗauki ƙullinta ta yi sallama.

Husna ta fito ta zauna a tabarma a inuwar soron, ta miƙe ƙafafunta masu lalle. Ashiru ya kawo shayi kofi biyu, ya zauna kusa da ita.

"An ba ki hutun kwana nawa a buro?"

"Mako biyu."

"To mako biyun nan ba ki ɗora tukunya. Na iya dafa shinkafa da wake."

"Ka iya?"

"Ana ci dai."

Ta yi dariya, ta jingina kanta a kafaɗarsa. Ta fara ba shi labarin yadda matan Alela suka yi rigima da na Bazaga kan wa zai shiga motar amarya, amma ba ta kai ƙarshe ba, maganar ta riƙa tsinkewa. Ta ji ya zare kofin daga hannunta, ta ji ya gyara zama don kada wuyanta ya yi ciwo.

"Akwai wanke-wanke," ta ce, ido a rufe.

"Yana nan, ba ya gudu. Yi barcinki, amaryata."

Ta yi barci har aka kira la'asar, shi kuwa bai motsa kafaɗar ba. Allah ya dawwamar musu da wannan natsuwa, ya sa gidan ya zame musu wurin hutawa.